Hoton Mama Daga Gefe

Tsomo, 9 ga Maris, 2003

Maigidana Zolile,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Ya aiki, ya zafin Pretoria? Ni lafiyata lau, in ban da wuyana da ke riƙewa da yamma saboda bokitin ruwa. Tumaki lafiya, sai dai baƙar tunkiyar nan ta sake karya shinge ta shiga kabejin maƙwabciyarmu MamTolo, na sha faɗa a madadinka. Mahaifiyarka tana gaishe ka. Ta ce in rubuta maka cewa ita garau take. To, na rubuta tunda ta ce. Amma ga abin da idona ke gani: daga ƙofar ɗakinta zuwa garke sai ta tsaya ta dafa bango, kuma yanzu ƙasa take kallo in tana tafiya, sai ta karkato kai kafin ta ga fuskar mai gaishe ta.

Ga hoton da ka ce a aiko domin ka nuna wa likitan da kuke aiki tare. A tsaye, daga gefe, kamar yadda ka rubuta. Ranar biyan kuɗin tsofaffi muka ɗauka, a bayan kanti, wurin Malusi mai hoto. Da na ce masa daga gefe ake so, sai ya sauke kyamarar ya ce, "Mama, ɗan naki ɗan sanda ya zama? Ai ɓarayi ake ɗauka daga gefe." Mama ta ce, "Rufe mini baki, ɗana gyaran bayan mutane yake zanawa a birni, kai kuma ka tsufa kana ce wa mutane su yi murmushi."

Da ka gan ta ranar! Tun asuba ta sa na goge mata kayan ƙungiyar matan coci, jar riga da farar hula da baƙin siket ɗin nan. Da Malusi ya ce an shirya, sai ta miƙo mini sandarta ta ce, "Riƙe, Makoti." Har yau haka take kirana, wai amarya, shekara biyu da biki. Ta ja numfashi ta miƙe kyam. Ban ga ta miƙe haka ba tun da na shigo gidanku. Matan da ke layi suka yi guɗa. Ni kuwa hawaye ne suka zo mini, na ce haka za ta koma in faifan ƙashin bayan nan da kake zanawa ya shiga jikinta. Da muka dawo gida ta kwanta, washegari ma ba ta fito ba, a shimfiɗa na kai mata shayi da kunu.

Zolile, ban manta abin da ka faɗa mini a tashar mota ba. Ka ce in faifan ya kammalu, Mama za ta kasance cikin na farko da za a sa wa, ta miƙe, ta riƙe gidanta, ni kuma in taho wurinka. Kullum in zan sauka rafi sai na maimaita maganar nan. Har na gama tsara ɗakinmu a kaina. Labulen ruwan ɗorawa ne, kuma tebur ɗin zanenka ba zai zauna kusa da gado ba, ka ji tun yanzu.

Matar malamin makaranta ta ba ni aron sabon littafi. Mutumin ciki ya ƙetare kogi a cike don kawai ya ji matarsa tana tari. Ban ce ka yi haka ba. Na dai faɗa maka abin da ke cikin littafin.

Taka,
Nosiseko

Pretoria, 2 ga Afrilu, 2003

Matata Nosiseko,

Na gaishe ki, na gaida Mama. Ina lafiya, sai gajiya. Ki ba MamTolo haƙuri, ki ce in na zo zan gyara shingen. Ki riƙa shafa man zafi a wuyan.

Hoto ya iso, kuma labari mai daɗi nake ɗauke da shi. Amma bari in fara bayyana miki aikin, don ki gane abin da Dokta Steyn ya gani.

Ƙashin baya ba sanda ba ne. Gaɓoɓi ne jere kan juna, tsakanin kowace biyu akwai matashi mai taushi. A ƙugu jerin yana lanƙwasa ciki kaɗan, kuma lanƙwasar nan ce ke ɗora kan mutum daidai bisa ƙafafunsa. In matashi ya cinye, gaɓar sama ta zauna kan ta ƙasa, lanƙwasar ta ɓace, mutum ya fara faɗowa gaba. Faifan namu faranti biyu ne na ƙarfe da ƙwaya a tsakani, yana motsi kamar na Allah. Irinsa akwai a ƙasashen waje, amma nasu cike gurbi kawai yake yi. Wanda nake zanawa gabansa ya fi bayansa kauri, kamar ɗan icen da ake cusa wa ƙarƙashin ƙofa, don ya ɗaga gaɓar ta gaba ya maido da lanƙwasar. Wahalar ita ce, in kaurin ya yi yawa ƙwayar tana son zamewa, in ya yi kaɗan bai gyara komai ba. Zane na nawa ke nan na yaga.

To, Dokta ya ɗora rula a kan hoton Mama, ya ja layi daga kunne zuwa ƙasa, kamar igiyar awon magina. Layin ya bi ta kafaɗa, ya bi ta kwankwaso, ya sauka daidai. Ya dube ni ya ce, "Zolile, da ma a ce bayana haka yake." Ya ce wannan ciwon tsufa ne, ƙwayar magani da hutu sun isa, ba a yanka mutum mai baya irin wannan. Guraben waɗanda za a fara gwadawa kaɗan ne, kuma akwai masu duƙawa na gaske. Saboda haka sunan Mama bai shiga ba. Ki yi murna, uwata ba ta buƙatar wuƙa.

Gaskiya na ɗan ji kunya, don na riga na gaya masa Mama ba ta iya kallon sama, bisa ga abin da kike rubuto mini. Ba faɗa nake yi ba, ƙaunata. Na san zama ke kaɗai da tsohuwa da tumaki yana da nauyi, kuma na san littattafan nan naki, kowace tsohuwa a ciki tana bakin kabari. Ki ɗan rage su. Maganar tahowarki kuwa, mu bari tukuna in samu wuri mai kyau, tunda babu gaggawa yanzu.

Ki yi haƙuri, kafin Kirsimeti komai zai kammala.

Mijinki,
Zolile

Tsomo, 20 ga Afrilu, 2003

Zolile,

Ina gaishe ka domin an koya mini a fara da gaisuwa. Ina lafiya. Mahaifiyarka ta ce garau take, kuma tunda maganarta da hotonta kake ji, sai ka tsaya nan, ba sai ka karanta sauran ba.

Wato ni maƙaryaciya ce. Ka zauna da Baturenka kun ja layi da rula a kan takarda, kun gano cewa matarka ta haukace da karatu. Ka ji kunya a gabansa! Ni da nake tashi kafin zakara in ɗaga uwarka daga shimfiɗa, hannu ɗaya a hammatarta ɗaya a ƙugunta, ni ce abin kunyar. Ni da nake ɗaure mata takalmi, wai ban san ko bayanta a duƙe yake ba, sai mutumin da bai taɓa jin warin man zafinta ba.

Ba ka karanta wasiƙata ba ne? Na rubuta maka cewa ta ba ni sandarta, ta ja numfashi, ta miƙe. Na rubuta maka cewa ta kwanta bayan nan har washegari ba ta fito ba. Me kake tsammani ya kwantar da ita, daɗin hoto? Tsayuwar nan ba ta wuce ƙiftawar kyamara ba. Ina kusa da ita, ina ganin bakin siket ɗin yana rawa. Malusi na cewa an gama, ta damƙe hannuna har farcenta ya bar mini shaida. Don kai ta yi. Wace uwa ce za ta aika wa ɗanta na birni hotonta a duƙe, kuma a gaban dukan matan cocinsu?

Da wasiƙarka ta zo na karanta mata, na tsallake inda ka zage ni. Ka ga murnarta! Ta aika aka kira MamTolo. "Kin ji? Likitan Turawa ya ce da ma bayansa irin nawa ne." MamTolo ta ce, "To, sai ki ba shi aro ya je rafi da shi." Suka yi ta dariya, ni ina hura wuta hayaƙi na shiga mini ido.

Da daddare na durƙusa na ce, "Mama, a sake hoton, amma ki tsaya yadda kike tsayawa kullum." Ta ce, "Yaya nake tsayawa kullum?" Ta ce, "Faɗi mana, Makoti, baki gare ki." Na ce, "Da sanda, Mama." Ta ce, "A bayan nan na goya shi har ya yi wayo. Ba zai gan shi a karye ba muddin ina numfashi. Ke dai birni kike so, shi ya sa kike neman ki tsufar da ni." Ka ji. A wurinka ni mai ƙarin gishiri ce, a wurinta ni mai son gudu ce.

I, ina son birni. Ina son mijina, laifi ne? Ba tumaki aka ɗaura mini aure da su ba. Sa'o'ina da aka yi bikinsu bayan nawa suna goye, ni kuwa abin da nake da shi na miji shi ne bayanin faranti biyu da ƙwaya a tsakani. Ka cika shafi guda da faifanka, zuwana kuwa layi ɗaya, shi ma wai babu gaggawa.

Littattafaina kuma ka fita harkarsu. Su ne ke magana da ni in Mama ta yi barci. Mazajen ciki ba su da rula, amma in matarsu ta ce ga abin da ta gani, suna yarda.

Abu ɗaya ya hana ni jefa wasiƙar a murhu, layin ƙarshe. Ka ce kafin Kirsimeti komai zai kammala. Na riƙe wannan. Na gaya wa matar malam ta fara neman wanda za ta riƙa ba aron littattafai, don ni a Pretoria zan yi Kirsimeti.

Nosiseko

Tsomo, 8 ga Yuni, 2003

Zolile,

Ina fata kana raye. Mu dai muna nan, sanyi ya shigo, ruwan bokiti yana daskarewa da safe. Mama tana tari kaɗan, kuma in ta yi tarin sai ta riƙe ƙugu.

Duk ranar da motar wasiƙu ta zo sai na je kanti. Mai kanti ya daina jiran in tambaya, daga nesa yake girgiza mini kai, a gaban mutane. Mayu ya wuce babu ko layi. Idan fushi kake don na faɗa maka gaskiya, ka rubuto ka ce fushi kake. Idan kuma akwai wata a can mai miƙaƙƙen baya wadda ba ta karanta littafi, shi ma ka rubuto, ba zan mutu ba.

Ga hoto na biyu. Ranar biyan tsofaffi ta zagayo, na ja Malusi gefe na ce ya ɗauki Mama ba ta sani ba. Ya ce, "Makoti, so kike a kore ni daga Tsomo? Tsohuwar nan ta taɓa jifana da kabewa." Na ce in bai yi ba zan gaya wa matarsa wadda yake ɗauka kyauta a bayan coci. Ya ce, "Ke ba amarya ba ce, ɗan sanda ce." Sai ya tsayar da mai sayar da lemu kusa da layi kamar ita yake ɗauka, ya karkata kyamarar.

Ban san haka abin yake ba sai da na karɓo hoton. Kullum ina ganinta, ido ya saba. A takarda kuwa sai na ga kanta ya wuce sandarta gaba, bayanta kamar za a ɗora tire a kai. Na zauna a bayan kanti na yi kuka, kuma ban san ko don ita nake yi ko don na ci amanarta ba. Kai ka jawo wannan. Da ka yarda da ni, da ban saci hoton surukata a layin tsofaffi ba.

Ka kai wa Dokta ya ɗora rularsa. Kuma kada ka kuskura Mama ta ji.

Nosiseko

Pretoria, 6 ga Yuli, 2003

Nosiseko,

Na gaishe ki. Ina lafiya. Yaya tarin Mama?

Ba fushi nake ba, kuma babu wata. An tura ni Cape Town, inda injin gwaji yake, wanda ke lanƙwasa faifan dare da rana don a ga ko zai cinye. Na zaci sati biyu zan yi, sai ƙwayar ta fara zamewa, muka zauna gyara. Da na dawo na tarar da wasiƙunki biyu a ƙarƙashin ƙofa. Ta biyun na fara buɗewa, hoton ya faɗo ƙasa.

Ban san lokacin da na fita neman waya ba. Na buga kanti na ce a kira mini Mama. Na san kin ce kada ta ji, amma a lokacin ban kai ƙarshen wasiƙar ba. Na daɗe riƙe da waya ina jiran ta iso, ina lissafin nisan gidanmu da kanti, wanda ni a guje nake yinsa ina yaro. Da ta ce "Ɗana," sai kawai na ce, "Mama, na ga hoton layi." Ta ajiye wayar.

Na kai wa Dokta hotunan duka biyun. Ya sake duba na farkon, ya ce, "Ina takalmanta?" Babu. Siket ɗin yana share ƙasa. Ta lanƙwashe gwiwoyi ne a ƙarƙashinsa, ta tura kwankwaso gaba, da haka ta jawo kanta baya. Duk mai irin ciwon nan haka yake yi in yana son ya miƙe, shi ya sa ƙa'idarmu ita ce a ga gwiwa a fili, a miƙe. Na san ƙa'idar nan, Nosiseko. Na san ta tun ranar da na rubuto neman hoton. Amma ta yaya zan rubuta wa matata ta ɗage wa uwata siket a gaban mai hoto? Na ce a raina daga gefe ya isa.

Ga abin da ya fi nauyi. Dokta ya ce baya irin na hoto na biyu ya fi ƙarfin faifanmu. Namu gaɓa ɗaya ko biyu yake gyarawa, kuma kaɗan yake ɗagawa, a jikin wanda ƙashinsa ke da ƙwari. Na Mama da alama gaɓoɓi da yawa ne suka zauna, kuma a shekarunta ƙashi yana laushi, farantin zai nutse a ciki. Ya ce a kawo ta a ɗauki hoton ƙashi a tsaye kafin a yanke magana, wataƙila akwai wani taimakon. Amma ba faifaina ba. Ko da an sa sunanta tun farko, da an cire.

Kin yi gaskiya, na yi kuskure. Amma ke ma da ba ki tozarta ta a layi ba, yanzu duk Tsomo ta ji. Da kin jira ni.

Maganar Kirsimeti kuwa, gwajin inji nake nufi zai kammala, ba tahowarki ba. Yanzu da muka san halin da Mama ke ciki, ai kin ga ba za a bar ta ita kaɗai ba. Ni kuma ba zan iya barin injin ba sai an gama. Ki ƙara haƙuri.

Mijinki,
Zolile

Cala, 3 ga Agusta, 2003

Zolile,

Gaisuwa. Ina lafiya. Babana da mamata suna lafiya, ba su ce a gaishe ka ba. Ka duba saman takardar nan da kyau, daga gidanmu nake rubutowa.

Duk Tsomo ta ji, ka ce. Wa ya gaya mata? Malusi bai buɗe baki ba, ni ban buɗe ba. Kai ne ka sa tsohuwa ta ja jiki har kanti cikin sanyi, ka faɗa mata a wayar da ke kan teburin kanti, mai kanti na auna sukari da kunne ɗaya, mata na jiran burodi. Sannan ka ce da na jira ka. In jira ka har yaushe? Har ƙwayarka ta daina zamewa?

Da ta dawo ba ta dube ni ba. Na kai shayi, ta bar shi ya huce. MamTolo ta kawo nata, ta sha. Na zo ɗaga ta da safe, ta ce, "Kada ki taɓa ni, je ki kira mai hoto." Da rarrafe ta kama ƙafar gado ta tashi, ina tsaye ina kallo. Haka muka yi fiye da sati a gida ɗaya, a tsakiyarsa wasiƙarka ta iso, wadda ta ce alkawarin tashar mota ya mutu, faifan ba na Mama ba ne, Kirsimeti ba tawa ba ce, kuma in ƙara haƙuri. Na yi niyyar in rubuto maka abin da ba ya goguwa. Sai na je na tsaga itace har hannuna ya yi kanta.

Wata safiya ina shara ta ce, "Makoti, akwai wani a wurinki?" Na gane hoton take nufi, don Malusi biyu ya wanko. Na kawo. Ta kai shi bakin ƙofa wurin haske, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Wace ce wannan tsohuwar?" Na ce, "Ke ce, Mama." Ta ce, "Hular ma a karkace. Tunda za ki saci hotona, ba sai ki gyara mini hula ba?" Ban san ko dariya zan yi ko kuka ba, sai na yi duka biyun.

Sannan ta ce in karanta mata wasiƙarka, kuma kada in tsallake komai, don ta san na tsallake wancan karon. Na karanta har ƙarshe. Inda ka ce ba ka iya cewa a ɗage mata siket ba, ta ce, "Ya yi daidai, da na ci mutuncinsa." Inda ka ce faifan ba nata ba ne, ta shafa gwiwarta. Da na gama ta ce, "Yaushe ya ce zai zo?" Na ce, "Sai inji ya gama." Ta ce, "Inji." Can ta ce, "Haɗa kayanki."

Na faɗi a gabanta ina roƙo, na zaci kora ce. Ta ce, "Tashi, sakarya, wa ya kore ki? Yaji za ki yi. Ni ba zai zo domina ba, ni na koya masa cewa garau nake. Amma in matarsa ta koma gidan ubanta, dole ya ɗauko baffansa su je biko, ko injin nan na gwamna ne. Ni ma na yi wa ubansa, yana can ramin zinariya, da ƙafa ya iso." Na ce, "Wa zai ɗebo miki ruwa?" Ta ce, "MamTolo na nan, kabejinta ma tumakinmu suka cinye, mun zama dangi. Sauran kuma zan yi da kaina, a duƙe. Ai an riga an gani." Ita ta raka ni har bakin hanya, da sandarta, tana gaya wa duk wanda muka gamu da shi cewa ɗanta ya ɓata wa amarya rai.

Kada ka ɗauka don uwarka ce ta tsara, fushin nawa wasa ne. Da ba ta ce ba ma, da na kusa tafiya. Ka ƙaryata ni a gaban baƙo, ka tona ni a gaban uwarka, ka ba ni haƙuri da layi ɗaya ka karɓe shi a layi na gaba. Ban ƙi aikinka ba, Zolile. Allah ya sa faifan ya miƙar da bayan mutane dubu. Amma ba zan koma Tsomo in zauna jiran ƙarfe ba.

Babana ya ce ba ya karɓar wasiƙa, ba ya karɓar waya, ba ya karɓar ɗan aike. Kai da baffanka yake son gani a ƙofar garkensa. Ni kuma ga nawa: in na fito daga gidan nan, Pretoria za ni, ko ɗakin naka bai fi akurki ba. Mama ta yarda ta biyo mu a ɗauki hoton ƙashin nan a tsaye, da gwiwa a fili, in dai mace ce za ta ɗauka. Abin da zai biyo baya, mu ukun za mu zauna mu yanke, ba a takarda ba.

Motar Pretoria a Tsomo take fara tsayawa kafin Cala. Ka sauka can tukuna. Kada ka buga kanti, kada ka aika kowa ya ce kana tafe. Ka bi ta bayan garke da hantsi, lokacin da take ba kaji hatsi, ka tsaya ka dubi uwarka. In ta ji kana zuwa, miƙewa za ta yi.

Nosiseko